Motar Haibirid: Tsimin Man Da Take Yi Ya Kai Kuɗin Da Ake Sayenta?

Ina gaida masu saurarenmu na Kaura Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, da mutanen garinmu Birnin Tsaba, waɗanda ke gida da waɗanda halin da ake ciki ya sa suka koma wasu garuruwa. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa, amin.

Yau maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce, kai malam, mu da muke fama da kuɗin babur, ina mu ina mota? Ka yi haƙuri ka saurara zuwa ƙarshe. Maganar ta shafi aljihu, ta shafi gado, ta kuma shafi yadda muke yanke shawara in an kawo mana sabon abu ana ta yabonsa.

Abin da ya jawo maganar a gidanmu ya faru. Yayana ma'aikaci ne a Gusau, iyalinsa kuma suna Kaura. Duk Juma'a da yamma yana tahowa gida, Litinin da asuba ya koma. Shekara da shekaru yana tara kuɗi, ya shiga adashi, ya sayar da babur ɗinsa, har dai kuɗin suka kai ya sayi mota 'yar Beljiyam. Da ya je wajen dillali a Kano, sai aka nuna masa Camry guda biyu, duk ƙirar 2012. Ɗaya ta fetur zalla, irin wadda muka sani. Ɗayar kuma haibirid, wato mai aiki da fetur da batir a haɗe, mota ruwa biyu ke nan. Dillalin ya ce masa wannan ba ta shan mai, ɗanɗanawa kawai take yi. Amma fa akwai ƙarin naira miliyan 2 a kan kuɗin waccan.

Yaya ba shi da miliyan 2. Abin da yake da shi, kasonsa ne na gonar da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana a wajen Birnin Tsaba. Damina biyu ke nan ba mu noma ta ba, kun kuma san dalili, ba sai na faɗa ba. Sai ya ce tunda gonar tana zaune, gara ya sayar da kasonsa ya cika ya ɗauki haibirid, kuɗin man da zai rage zai mayar masa da asarar.

Zan faɗa muku gaskiya, ni na fara goya masa baya. Ina cikin masu yawan maganar sauyin yanayi da hayaƙin motoci, ina jin haibirid sai na ce ai wannan ita ce ci-gaba. Innarmu ce ta taka mana birki. Ta ce, "Gonar ga ba mu munka saye ta ba, gadonta munka yi. In za ku sai da ita, ku zo ku gwada mani da lissahi yadda ƙarhe zai hi ƙasa." To, wannan lissafin da Inna ta nema shi na zauna na yi, shi ne kuma na kawo muku yau.

Bari mu fara da abin da ya sa kowa yake maganar tsimin mai yanzu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin ranar, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500. A watan Yuli na shekarar ya kai 617 a Abuja. A Oktoba 2024 ya haura naira 1,000. Daga baya yana ɗan sauka yana hawa, amma babu wanda yake mafarkin ya koma 200. Mu kuma a nan, saboda nisanmu da inda ake ɗauko man, kullum da ɗan ƙari a kan abin da ake faɗa a rediyo, in kuma ka faɗa hannun 'yan bumburutu, sai yadda suka ce.

Mu a Zamfara ma mun ɗanɗana wahalar mai tun kafin a cire tallafi. Ku tuna Satumba 2021, lokacin gwamnatin Bello Matawalle, da aka rufe layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka kuma taƙaita gidajen man da za su sayar. Duk wanda ya yi wannan zamanin a Shinkafi ko Zurmi ya san darajar lita ɗaya. Saboda haka in aka ce wa mutuminmu ga motar da ba ta shan mai, dole kunnensa ya tashi.

To, mece ce haibirid ɗin? Na ga mutane da yawa suna haɗa ta da motar lantarki, alhali ba ɗaya ba ne. Kala uku ne. Akwai mai lantarki zalla, wadda ba ta da tankin mai ko kaɗan, sai an jona ta da wuta. Akwai mai tanki da batir babba, wadda ita ma ake iya jonawa da wuta. Sai ta uku, wadda ita ce aka fi kawowa Najeriya, ita ce irin su Prius da Camry haibirid. Wannan ba a jona ta da komai. Fetur kake zuba mata kamar kowace mota, ita take cajin batirinta da kanta. Saboda haka rashin wutar lantarki a garinku bai shafe ta ba.

Ba sabuwar fasaha ba ce. Kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan a ƙarshen 1997, ya fara kai ta Amurka da Turai a 2000. Ta girmi wasunku da ke saurarena. An gwada ta, an san ƙarfinta, an san rauninta.

Ta ina tsimin yake zuwa? Ta hanyoyi uku. Na farko, in ka tsaya, a cunkoso ko a shingen jami'an tsaro, injin fetur yana mutuwa da kansa, motar tana nan a kunne amma ba ta ƙona komai. Na biyu, lokacin tashi daga tsaye, wanda shi ne lokacin da mota ta fi zuƙar mai, injin lantarki ne yake ture ta ko ya taimaka wa na fetur. Na uku, in ka taka birki, maimakon ƙarfin gudun ya tafi a banza ya zama zafi a jikin birki, sai motar ta mayar da wani kasonsa caji ta zuba a batir.

Ku lura da kyau. Duk ukun nan suna faruwa ne a inda ake tsayawa ana tashi. Tsaya, tafi, birki, tsaya. In ka hau doguwar hanya ka ɗora ƙafa a totur kana gudu ɗaya na tsawon awa, babu tsayawa, babu birki, to injin fetur ne yake yin kusan duka aikin, batirin kuwa ya zama fasinja. Wannan shi ne abin da dillali ba zai gaya maka ba, wataƙila ma shi kansa bai sani ba.

Yanzu ga alƙaluma. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana fitar da yawan man da motocin da ake sayarwa a can suke sha a cikin gari da kuma a babbar hanya. Su da mil da galan suke awo, ni na juya muku shi zuwa kilomita da lita. Camry 2012 ta fetur, mai silinda huɗu, a cikin gari tana shan kusan lita 9.4 a kowane kilomita 100. 'Yar uwarta haibirid tana shan kusan lita 5.5. Bambancin kusan lita 4 ke nan. Wannan tsimi ne na gaske, ba wasa ba. Amma a babbar hanya, ta fetur tana shan kusan lita 6.7, haibirid kuma kusan lita 6. Bambancin bai kai lita ɗaya ba. Lita 0.7 ne a kilomita 100.

Waɗannan awon na sabuwar mota ne a Amurka. Tamu tsohuwa ce, da na'urar sanyi a kunne, da kaya a but, da ramuka, saboda haka dukkansu biyun za su sha fiye da haka. Amma yanayin bambancin ba ya canjawa: a gari haibirid sarauniya ce, a doguwar hanya kuwa kusan kunnen doki suke yi.

Sai na kira Yaya na ce, Yaya, kawo mu auna tafiyarka. Kaura zuwa Gusau kusan kilomita 60 ne, zuwa da dawowa 120. A ce mako 50 a shekara, kilomita 6,000 ke nan a babbar hanya. A cikin Gusau kuma, daga masauki zuwa ofis, zuwa masallaci, zuwa kasuwa, muka ƙiyasta kilomita 4,000 a shekara. Jimilla 10,000.

A 6,000 na hanya, haibirid za ta rage masa lita 42. A 4,000 na gari, za ta rage masa lita 160. A haɗa, kusan lita 200 a shekara. Mu ɗauka lita naira 1,000 don lissafi ya yi sauƙi. Naira 200,000 ke nan a shekara. Raba miliyan 2 da 200,000, shekara 10 kafin kuɗin gonar su dawo.

Yaya ya ce, a'a, ka yi adalci, hanyarmu ba irin ta Amurka ba ce. Daga Gusau zuwa Kaura sau nawa ake tsayawa a shinge? Sau nawa ake taka birki saboda rami? Na ce gaskiyarka ne, Yaya. Sai na ɗauki awon da hukumar take bayarwa na gari da hanya a gauraye, wanda bambancinsa kusan lita 2.7 ne a kilomita 100, na shafa wa tafiyarsa gaba ɗaya. Ya zama lita 270, naira 270,000 a shekara. Ko da wannan rangwamen, sai ya haura shekara 7 kafin ya mayar da kuɗinsa. Kuma a kan motar da tun kafin ta shigo hannunsa ta riga ta haura shekara 12 a duniya.

A nan ne maganar batir take shigowa, kuma nan ne nake so ku buɗe kunne. Motar tana da batir biyu. Akwai ƙarami mai bolt 12 irin na kowace mota. Akwai kuma babban, wanda yake wajen kujerar baya, mai ƙarfin da ya haura bolt 200. A Camry 2012 ƙananan ɓangarori 34 aka jera suka zama batir ɗaya, a Prius ta zamanin kuma 28. A lokacin da aka ƙera waɗannan motocin, garantin da Toyota yake bayarwa a kan batirin a mafi yawan Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000. Ba wai yana mutuwa ranar da garantin ya ƙare ba ne, da yawa suna wuce haka sosai. Amma ka san cewa 'yar Beljiyam ɗin da ta iso gare ka, garantinta ya ƙare tun tana can, kuma duk abin da ya samu batirin a kanka yake.

Abu biyu ne babban maƙiyin wannan batirin: zafi da ƙura. Ku duba mu. Daga Maris zuwa Mayu, zafinmu yana haura digiri 40, motar da aka ajiye a rana kuwa cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu da ƙura. Batirin yana da 'yar fanka da take jawo iska daga cikin motar tana fifita shi, ƙofar iskar tana gefen kujerar baya. In ƙura ta toshe fankar, ko aka jibga kaya ko babbar riga ta rufe ƙofar, batirin zai riƙa dahuwa a hankali kai ba ka sani ba. Mu kuma kun san yadda muke loda kujerar baya, mutum huɗu da yara biyu da buhun gero. Kuma batirin ba ya son dogon zama. In ka ajiye motar wata da watanni ba a tayarwa, yana lalacewa.

Wani abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan. Haibirid ɗin Toyota ba ta da kik irin na sauran motoci. Babban batirin ne yake tayar da injin. In ya mutu, motar ba za ta tashi ba, kuma ba a tura ta ta tashi. A Kano ko Kaduna wannan ɓata rana ne kawai, ka kira a ɗauke ta zuwa gareji. Amma ka kwatanta a ranka, ƙarfe biyar na yamma, tsakanin Kaura da Shinkafi, ko a hanyar Zurmi zuwa Jibiya, mota ta nuna jan alwatika a gabanka ta tsaya, da iyalinka a ciki. A yankinmu lalacewar mota a hanya magana ce ta rai. Tsohuwar Golf in ta tsaya, kowane bakanike a kowane ƙauye zai iya buɗe ta ya lallaɓa ta ta kai ka gari. Wannan kuwa sai wanda ya koyi aikinta, mai kwamfutar duba mota.

Na je wajen wani mai gyaran wayoyin mota da nake girmamawa a Kaura, dattijo ne, ya fi shekara ashirin yana aikin. Na ce, Baba, in aka kawo maka haibirid za ka taɓa? Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, taya da birki da baƙin mai zan yi mata. Amma wayoyin ga masu ruwan lemo, ban taɓa su, ina da 'ya'ya." Kuma gaskiya ya faɗa. Waɗannan wayoyin masu kalar lemo su ne masu ɗauke da babbar wuta, wanda bai san yadda ake cire makullin tsaronsu ba tana iya hallaka shi. Ko na'urar sanyinta ma ta lantarki ce, tana da irin man da ake zuba mata na musamman, in aka zuba na gama-gari yana iya jawo matsala a wutar motar. Kayan gyara kuwa, sai dai a yi aike Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ma Ladipo a Legas. Batirin da za a kawo maka ɗin ma sau da yawa tsoho ne da aka ciro daga wata motar, ko wanda aka yi wa kwaskwarima aka canja ɓangare biyu ko uku. Ka sa yau, bayan wata shida wani ɓangaren ya mutu. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kada wani ya ce na zo ɓata haibirid ne. A'a. Bari in ba ku ɗaya gefen. Ina da aboki da muka yi jami'a tare, yanzu yana haya a cikin Kano da Prius, irin hayar da ake kira ta waya. Mu yi masa irin lissafin da muka yi wa Yaya, da alƙaluman Camry ɗin nan don awon ya zama ɗaya. A ce yana yin kilomita 150 a rana, kwana 6 a mako, mako 50 a shekara. Kilomita 45,000 ke nan, kusan duka a cikin cunkoso. A lita 4 duk kilomita 100, ya rage lita 1,800 a shekara. Naira miliyan 1.8. Da shi aka nemi ƙarin miliyan 2, cikin shekara ɗaya da 'yan watanni ya fanshe. Ko da batirin ya mutu a shekara ta uku, ya riga ya tara abin da zai saya wani. Kuma masu gyara suna kusa da shi. Ban da haka, birkinta yana daɗewa bai cinye ba saboda injin lantarki ne yake yin yawancin aikin rage gudu, kuma ba ta da kik da altaneta da za su lalace.

Shi ya sa a manyan biranen duniya masu tasi suka fi kowa rungumar ta. Ko a ƙasar Mongoliya, inda ake shigo da tsofaffin motoci daga Japan kamar yadda muke shigo da 'yan Beljiyam, Prius ta cika titunan babban birninsu. Da motoci suka yi yawa, masu gyara suka yi yawa, kayan gyara suka wadata. Mota ɗaya ce, amma a hannun abokina jari ce, a hannun Yaya kuwa ado ce mai tsada. Bambancin yana wajen yawan tafiya, da irin hanyar, da kusancin mai gyara.

Saboda haka in kana tunanin saye, ko wani naka yana tunani, ga tambayoyin da za ka amsa wa kanka da biro da takarda. Kilomita nawa nake yi a shekara? Nawa ne a gari, nawa a doguwar hanya? Nawa ne ƙarin kuɗin da ke tsakaninta da 'yar uwarta ta fetur, mai shekara ɗaya da lafiya ɗaya? Nawa ne batir a kasuwa yau, in na tambayi mai sayarwa da kaina? Wa zai gyara mini ita, kuma awa nawa ne tsakanina da shi? In ka raba ƙarin kuɗin da abin da za ka rage a shekara, ka ga ya wuce shekara 3 ko 4 a kan tsohuwar mota, ni a ra'ayina ka haƙura. In kuma ka samu wadda farashinta ɗaya da ta fetur, wanda yakan faru saboda wasu masu saye suna tsoron batir, to lissafin ya canja, sai maganar lafiyar batir da mai gyara kawai ta rage.

In ka yanke shawarar saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da mai kwamfuta naka, ba na dillali ba, ya duba ƙarfin ɓangarorin batirin ya ga ko sun yi daidai da juna. Ka sa a buɗe fankar a ga ƙurar da ke ciki. Ka tuƙa ta aƙalla rabin awa, kana kallon alamar caji a allo. In tana cika da sauri tana zubewa da sauri, batirin ya gaji. Ka ɗauki lambar jikin motar mai harafi da lamba 17, a bincika maka tarihinta a intanet, ko ta taɓa nutsewa a ambaliya, ko an juya mitar kilomitarta baya. Bayan ka saya kuma, ka nemi inuwa, ka riƙa share fankar, kada ka bari a toshe ƙofar iskar.

Yanzu bari in dawo kanmu, mu matasan da ba mu da kuɗin Camry ko wace iri ce. Akwai abu biyu da nake so mu ɗauka a wannan maganar.

Na farko, aiki. Waɗannan motocin za su ci gaba da shigowa ko muna so ko ba mu so, domin ƙasashen da muke sayen tsofaffin motocinsu suna ta komawa kansu. Abin da suke hawa yau, shi za a jibge mana nan da shekara goma. Gwamnatin tarayya tun 2023 take tura maganar motoci masu iskar gas, jihar Borno kuma ta fito da motocin haya masu lantarki a Maiduguri a ƙarshen shekarar. Wa zai gyara su? Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kaura Namoda, ga kuma hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, wadda take horar da makanikai. Ina kira ga shugabanninmu da 'yan majalisarmu su haɗa waɗannan biyun, a buɗe gajeren kwas na gyaran haibirid da motocin lantarki. Kai kuma matashi da ka yi karatun lantarki kana zaune a majalisa kana jiran takardar ɗaukar aiki, ka tafi Kano ko Kaduna ka yi wata shida a ƙarƙashin wanda ya iya. Ranar da ka dawo da kwamfutarka, mai haibirid daga Shinkafi har Zurmi kai zai nema.

Na biyu, kada mu manta cewa tsimin man da zai taɓa talaka ba a motar mutum ɗaya yake ba. Yana wajen abin hawan da zai kwashi mutane da kaya da yawa a tafiya ɗaya. Layin dogo ya iso Kaura Namoda tun 1929, nan ne ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau. Kakanninmu sun loda gyaɗa da auduga a tashar nan. Yau yawancinmu ba mu taɓa shiga jirgin ba. Mai kai kaya kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da ɗaliba mai zuwa Gusau, abin da suke buƙata hanya ce mai kyau mai aminci da motar haya mai rahusa. Wannan shi ne abin da za mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu.

To, me ya faru da Yaya? Na kai musu takardar lissafin, shi da Inna, bayan sallar isha'i. Ya daɗe yana kallonta, ya sake lissafawa da wayarsa har sau biyu. Daga ƙarshe ya koma Kano ya ɗauko ta fetur ɗin, da kuɗin da ya tara, bai ci bashi ba. Har yanzu in ya tsaya a gidan mai yakan kira ni ya ce, kai ka jawo mini. Ni kuma in ce, Yaya, gonarka dai tana nan. Ba mu san ranar da za mu koma mu noma ta ba, amma muna sa rai, kuma ranar da hanya ta buɗe akwai inda za mu koma.

A nan za mu tsaya yau. In kana da haibirid a Gusau, ko Kaura, ko Sakkwato, ko Katsina, ka rubuto mana abin da ka gani da idonka: lita nawa take sha maka, shekara nawa batirin ya yi, a ina kake gyara. Gani ya kori ji, kuma in lissafina ya kauce a wani wuri, zan karanta gyaranku a shiri na gaba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin sayen mota.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a abin da muke nema, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya.